Haɗin Kiɗa A Gidan Waya: Ina Sunan Mawaƙin?

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa makon farko na Janairu, da wuya dare ya yi a Gidan Waya, ko Kagoro, ko cikin garin Kafanchan, ba a ji amon lasifika daga wata kusurwa ba. Lokaci ne da 'yan ƙasa mazauna Kaduna da Abuja da Jos da Ikko suke komowa gida, ana ɗaurin aure, ana taron dangi, har a kai ga bikin Afan wanda mutanen Kagoro suke yi ranar 1 ga Janairu kowace shekara. A yawancin wuraren nan ba makaɗi za a tarar da ganga a rataye ba. Saurayi guda ne zaune bayan tebur, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da abin ji a kunne, da janareto yana ruri can bayan rumfa. Shi ne mai haɗa kiɗa, wanda samari suke kira di-je, ba fa Dije sunan mace ba.

Aikinsa shi ne ya jera waƙoƙi, ya sadar da ƙarshen wannan da farkon waccan ta yadda ƙafar mai rawa ba za ta tsaya ba. Wannan jeri shi ake kira mikis, mu kuwa a nan za mu ce masa haɗi. Idan biki ya watse, ango ko ƙanin amarya yakan nemi a tura masa abin da aka sa, sai a ba shi fayil guda mai tsawon sa'a biyu ko uku. Daga wayarsa ya shiga wayar abokinsa, daga nan ya faɗa shagon masu tura waƙa a bakin tasha, kafin wata ya zagayo ana jin sa a cikin motocin haya. To, a nan maganarmu take, domin kuwa a cikin wannan dogon fayil akwai muryoyin mutum talatin ko arba'in, amma suna guda ne kurum yake tafiya da shi, watau sunan wanda ya yi haɗin.

GARIN DA HARSUNA SUKA HAƊU

Gidan Waya tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, kudu maso gabas da Kafanchan. Abin da aka fi saninta da shi shi ne Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a Kafanchan cikin 1977, daga baya ta koma mazauninta na Gidan Waya. Sunan garin shi ne sunan da Bahaushe ya ba ofishin aika wasiƙa da tangaraho. Yau kuwa waya ta bar kan turke ta koma aljihu, kuma ita ce rumbun kiɗan kowane ɗalibi.

Ita Kafanchan hanyar jirgin ƙasa ce ta raya ta. Tun wajen 1927 ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da Inugu, da wanda ya nufi Kaduna, da wanda ya hau zuwa Jos. Jirgi ya kawo Ibo da Yarabawa da sauran baƙi, suka zauna tare da Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da Jaba da Hausawa da Filanin masarautar Jama'a. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, amma kowa yana da harshen da yake yi wa ɗansa waƙa da shi.

Saboda haka mai haɗa kiɗa a wannan yanki yana da aikin da ya fi na takwaransa na Kano ko Katsina wuya. Tilas ya sa waƙoƙin Ikko don samari, ya sa na Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Umar M. Shareef, ya tuna da dattawa da Ɗan Maraya Jos ko Shata. Idan bikin Kirista ne ba zai tsira ba sai ya sa waƙoƙin Zumuntar Mata masu kiɗan tulu. Sa'an nan kuma, can dare ya raba, dangin amarya za su ce a sa musu tasu ta gida, cikin yarensu. Waɗannan na ƙarshe su ne abin tausayi. Da yawansu a ƙaramin ɗakin naɗar sauti aka yi su, ko a filin biki, ba kamfani, ba kwali, ba rajista. Waƙar Ikko ko ta Kano idan sunanta ya ɓace sai a kara waya a lasifika, manhajar Shazam ta faɗi sunan mai ita cikin daƙiƙa kaɗan. Amma Shazam abin da aka zuba a rumbunta kaɗai ta sani. Waƙar da wata baiwar Allah ta rera da harshen Tyap ko Jju a wani ƙauye, wadda ba a taɓa ɗora ta a kan intanet ba, idan sunanta ya faɗi daga fayil, ya faɗi ke nan.

A zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi cikin 1963, ko ɗan kasuwar da yake kwafar kaset a Ƙofar Wambai ta Kano yakan rubuta sunan mawaƙi da biro a jikin kwali, domin ba zai iya sayar da abin da ba shi da suna ba. Abin mamaki shi ne, yanzu da kayan aiki suka fi na da kyau nesa ba kusa ba, sunan ya fi saurin ɓacewa. Mai haɗin kuwa bai manta da kansa ba, duk bayan minti biyu ko uku sai a ji wata murya mai amsa-kuwwa tana kiran sunansa da lambar wayarsa a tsakiyar waƙar wani.

YADDA AKE NAƊA

A birnin New York na Amurka wani matashi ɗan asalin Jamaika, Kool Herc, ya yi suna cikin 1973 wajen sarrafa faifan garmaho biyu a lokaci guda. Yau kwamfuta ta ɗauke nauyin faifai. Manhajar da ta fi yawa a hannun samarinmu ita ce VirtualDJ, wadda ta fito cikin 2003, sai Serato ta ƙasar New Zealand, da Traktor ta Jamus, da rekordbox. Dukkansu suna da maɓallin naɗa a cikinsu, watau kwamfutar tana sa kiɗa tana kuma ajiye shi a lokaci guda.

Wannan ita ce hanya mafi tsabta, sai dai tana da gibi guda. Abin da ya ratsa ta cikin kwamfutar kaɗai take kamawa. Idan makirfon sanƙira a jikin miksa aka jona shi, to, kirarin da ya yi wa uwar amarya da sunayen masu liƙi ba za su shiga ba. Wanda yake son waɗannan sai ya ja waya daga mafitar naɗa da ke bayan miksa zuwa ƙaramin akwatin sauti mai shiga kwamfuta, ya naɗa da wata manhaja dabam. Wadda aka fi amfani da ita ita ce Audacity. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka sake ta ga jama'a cikin 2000, kuma har gobe kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Akwai kuma hanya ta uku, watau a ajiye waya a gaban lasifika. Wannan ba naɗa ba ce, ɓarna ce, abin da za a samu ƙara ce da ihun yara da rurin janareto.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙure ƙarfin sauti. A filin biki kowa yana son kiɗa ya girgiza ƙirji, sai mai haɗi ya murɗa komai har fitilun miksa su yi ja. A zamanin kaset idan an ɗan wuce iyaka, zaren yakan shanye abin ya fito da ɗan kauri. Kwamfuta ba ta da wannan haƙuri. Tana da rufi, wanda ake kira sifirin desibel, duk abin da ya wuce shi sai ta fille masa kai, sautin ya fashe kamar tsohuwar ƙwarya, kuma babu manhajar da za ta mayar da shi daidai yadda yake. Masana aikin sukan bar tazarar desibel 6 ƙasa da rufin. Idan sautin ya fito da rauni ana iya ƙara masa ƙarfi daga baya. Ƙarfin da jama'a suke so a fili kuwa, a nema shi daga amfilifaya, ba daga abin da ake naɗa ba.

Sai batun wuta. Lantarkin ƙasar nan yana kaɗawa sau 50 cikin daƙiƙa, kuma idan kwamfuta da miksa da amfilifaya suna shan wuta daga janareto guda ba tare da kyakkyawar wayar ƙasa ba, sai a ji wani gurnani yana bin kiɗan daga farko har ƙarshe. Sau da yawa cire cajar kwamfutar, a bar ta a kan batirinta, yakan kashe gurnanin. Amma fa batirin ya zama mai rai, gama idan ya mutu ana tsakiyar naɗa, aikin dare guda yana iya tafiya.

Ga lissafin wuri kuma, don kada kati ya cika ana cikin rawa. Sauti mai ingancin faifan CD ana auna shi sau 44,100 cikin kowace daƙiƙa. Idan aka ajiye shi ɗanye, a tsarin da ake kira WAV, minti guda yana cin kimanin megabait 10, sa'a guda wajen 635, bikin sa'a uku kuwa ya kusa gigabait 2. Idan aka matse shi ya zama MP3 mafi inganci, mai lamba 320, sa'a guda tana cin megabait 144. Mai lamba 128 kuwa ba ta kai 60 ba. Wannan ya sa kowa yake gudu zuwa MP3. Sai dai matsewar nan zubar da wani sashe na sautin take yi, kuma duk sa'ad da aka buɗe MP3 aka gyara aka sake matsewa, sai a ƙara zubar da wani. Waƙoƙin da aka yi haɗin da su ma tun asali matsattsu ne. Shi ya sa wasu haɗe-haɗen da ke yawo a tasha suke fita kamar ana kiɗa a cikin rijiya. Ƙa'ida ita ce a naɗa ɗanye, a yi duk gyaran a kan ɗanyen, a matse sau ɗaya tak a ƙarshe, uwar kuma a adana ta.

INDA WUƘA ZA TA SAUKA

Yanka haɗi gaɓa-gaɓa, kowace waƙa da fayil nata, shi ne aikin da yawancin samari suke ƙyuya, alhali kuwa shi ne ya fi buƙatar kunne. Audacity tana da dabarar da take neman wuraren da aka yi shiru ta sa alama da kanta, kuma tana da amfani ƙwarai ga mai kwafar tsohon kaset, inda akwai tazara tsakanin waƙa da waƙa. A haɗi kuwa ba ta da ranar komai, domin gwanintar mai haɗi ita ce kada a sami shirun. Waƙa biyu sukan yi tafiya tare, ɗaya tana dusashewa ɗaya tana tasowa. Idan kiɗan yana bugu 120 a minti, aka haɗa su tsawon bugu 32, daƙiƙa 16 ke nan da ba za a ce ta wannan ce ko ta waccan ba. To, ina za a yanka?

Wasu sukan yanka tun daga inda sabuwar waƙa ta fara leƙowa. Wasu sai tsohuwar ta ɓace ƙurmus. A ganinmu mafi dacewa shi ne bugun farko na inda gangar sabuwar waƙa ta karɓe fili, domin nan ne ƙafar mai rawa take sauya taku, kuma wanda ya tsallako kai tsaye zuwa wannan gaɓa zai ji abin da ya zo nema, ba wutsiyar waƙar wani ba.

Yadda ake yi ba shi da wuya. A buɗe fayil, zanen sautin zai bayyana kamar jerin duwatsu. A saurara, a tsaya inda ake so, a danna Ctrl da B, alama za ta fito, a rubuta sunan mawaƙi da na waƙa. Haka za a bi har ƙarshe, kada a manta da alamar farko a kan daƙiƙar farko. Akwai maɓallin Z wanda yake matsar da wurin yankan kaɗan zuwa inda igiyar sauti ta sauka kan sifiri, don kada a ji ƙas a bakin gaɓa. Daga nan sai a umarci manhajar ta fitar da fayiloli da yawa bisa ga alamomin, ta sa musu lamba a gaba. Lambar nan ta zama 01, 02, 03, ba 1, 2, 3 ba, in ba haka ba rediyon mota yana iya sa ta 10 kafin ta 2, haɗin ya birkice. Haɗi mai waƙa talatin ba zai ci wa wanda ya saba fiye da sa'a guda ba.

Akwai wani cikas da ya kamata a sani. MP3 ba a jere sumul yake ba, ƙunshi-ƙunshi ne, kowane ƙunshi da awo 1,152, watau kimanin kashi 26 cikin dubu na daƙiƙa, kuma injin matsewa yakan ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshen kowane fayil. Ga waƙa guda ba wanda zai lura. Amma a haɗin da aka yanka, ƙananan rediyoyi masu cin kati da na motocin haya sukan yi ɗan tuntuɓe a kowace mahaɗa. Wannan shi ne hanzarin masu cewa gara a bar haɗi dunƙule, kuma hanzarin yana da ƙarfi, gama wanda ya ɓata dare yana gyara mahaɗa ba zai so a ji ta da tsaga ba.

Maganin wannan tsoho ne, tun zamanin faifan CD. Ana barin haɗin dunƙule, sai a rubuta wata 'yar takardar jagora, ƙaramin fayil na rubutu zalla mai ƙarewa da .cue, wadda take cewa waƙa ta kaza, ta wane, ta fara a minti kaza da daƙiƙa kaza. Lissafinta yana raba daƙiƙa gida 75, domin haka aka tsara faifan CD tun fitowarsa cikin 1982, faifan da ba ya ɗaukar fiye da gaɓa 99. Manhajoji irin su foobar2000 suna karanta takardar su nuna waƙoƙin ɗaya-ɗaya ba tare da an taɓa sautin ba, wasu kuma irin su mp3splt suna bin ta su yanka MP3 ba tare da sake matsewa ba. Nauyinta bai kai na hoto guda ba. Illarta ita ce a hanyar Xender da WhatsApp mutane sautin kawai suke turawa, takardar ta zauna a baya. Saboda haka mai hankali yakan yi duka biyu: dunƙulalle don rawa, yankakke don ajiya da neman waƙa.

A cikin kowane fayil na MP3 akwai kuma wani ɗan aljihu da ake kira ID3, wanda aka ƙirƙiro cikin 1996, inda ake rubuta sunan waƙa da mawaƙi da shekara. Ko an canza sunan fayil daga waje, na cikin aljihun yana nan. Nan ne ya kamata a rubuta harshen da aka yi waƙar da shi da garin mawaƙin. Sai dai a lura, ƙananan rediyoyi da yawa ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sukan mayar da su alamar tambaya, don haka wasu suke rubuta sunan fayil da baƙaƙe marasa lanƙwasa.

ABIN DA DOKA TA CE

Wani zai ce ai duk wannan kwalliya ce. Ba kwalliya ba ce. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Maris 2023, ta maye gurbin ta 1988, ta tabbatar wa mai aiki haƙƙin a ambaci sunansa a jikin aikinsa, ta kuma ba da kariya ga masu rerawa da kayan al'adun gargajiya. Rubuta suna ba ya zama izini. Wanda yake sayar da waƙar wani ba da yardarsa ba yana da magana da Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ko ya rubuta suna ko bai rubuta ba. Amma gaskiyar zance, mawaƙin ƙauye ba kuɗin kati yake jira ba. Abincinsa yana ga gayyata. Idan aka ji muryarsa a motar Kafanchan zuwa Akwanga, wani mai shirin aurar da 'ya ya tambayi direba ko wane ne wannan, direba ya duba rediyo ya ga sunan mai haɗi kaɗai, to, an cire wa mawaƙin nan tuwo daga baki, kuma wanda ya cire bai ƙaru da komai ba.

Shi kansa mai haɗin yana da riba a yankan. Dandalin Mixcloud, wanda aka kafa a Ingila cikin 2008 musamman don haɗe-haɗe, yana biyan masu waƙa ne bisa ga waƙoƙin da aka gane a cikin haɗi, kuma yana da wurin da mai haɗi zai rubuta jerin waƙoƙinsa da lokacin da kowace ta fara. Wanda ya riga ya sa alamominsa a Audacity, kwafa kawai zai yi.

Saura ajiya. Katin memori da filash ba rumbu ba ne, buhu ne na ɗaukar kaya daga nan zuwa can. Suna lalacewa ba sallama, balle jabun da suka cika kasuwa, masu rubutun gigabait 32 a jiki alhali cikinsu bai kai rabin haka ba. Yawancin ƙananan katuna kuma ba sa karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, shi ma WAV nan ce iyakarsa, wajen sa'a shida da minti arba'in da biyar a ingancin CD. Traktor ma tana da tsarin da take datse naɗin da kanta idan ya kai girman da aka zaɓa. Uwar naɗi tana bukatar kwafi biyu a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje da ba ya zuwa filin biki, kowanne da kwanan wata da sunan garin da aka yi taron, da takardar jagorarsa a gefensa.